Zafin Goshin Mai Burodi

Ta yaya mutum zai warke daga ciwon da bai taɓa kama shi ba? Na yi wa likita wannan tambayar, na yi wa lauya, na yi wa kaina ina zaune a shago a tsakiyar matattun rediyoyin mutane, ban samu amsar da zan iya kwana da ita ba. Matar yayana ta ce irin waɗannan tambayoyin ne suka hana ni aure. Ita ta laƙaba mini suna Me-ya-sa, sunan kuma ya bi ni har bakin shago ya kori nawa na gaskiya.

Yayana burodi yake gasawa. Tanderunsa na jan bulo ne, mahaifinmu ya gina shi da hannunsa, rufinsa kamar kifaffen kwano, bakinsa daidai shigar kafaɗun mutum. Tun da na yi wayo ban taɓa ganin wutarsa ta mutu gaba ɗaya ba. Ko ranar da muka binne mahaifinmu, sai da Yaya ya zura itace biyu kafin ya zauna da masu gaisuwa. Ya ce tsohon bulo ba ya son sanyi, in ya huce aka tashe shi da gaggawa, tsagewa yake yi.

Da annoba ta zo aka rufe gari, aka kafa dokar ta-ɓaci. Na ji ta da kunnena a rediyo huɗu lokaci guda, don ranar ina gwada waɗanda na gyara. Dokar ta ce duk ma'aikacin lafiya yana da ikon tsare wanda yake zargin yana ɗauke da ciwon, har sai ya gamsu babu haɗari. Ba kotu, ba beli, ba a kuma faɗi ranar fita ba. Na kashe uku na bar ɗaya, na matso da kunne ko zan ji abin da za a yi in mai tsarewar ne ya yi kuskure. Sai aka sa waƙar wanke hannu.

Masu burodi suna cikin waɗanda aka yarda su fita aiki. Shingen duba mutane kuwa a bakin layinmu aka kafa shi, ƙofa biyu daga gidan burodi. Tebur ne da bokiti mai famfo, da mutum riƙe da na'urar auna zafi mai siffar bindiga, wanda duk layi ke kira Mai Bindiga. Na farkon da aka kawo mutum ne mai hankali. Ya gane cewa goshin wanda ya fito daga bakin tanderu ba abin yarda ba ne, sai ya riƙa ce wa Yaya ya zauna a inuwa ya sha iska tukuna. Aka ɗauke shi, wai yana da sakaci. Sabon da aka kawo yaro ne mai sabon takalmi, a leda kawai ya san burodi.

Ranar da abin ya faru Yaya ya gama kwashe gashin safe ke nan, kansa ya daɗe a bakin wuta, sai ya hango mai amalanken itace zai wuce layin. Ya fito da gudu, fulawa har gira. Sabon Mai Bindiga ya tare shi ya saita masa a goshi. Na'ura ta yi ƙara ta kawo ja.

"Baba, tsaya nan."

"Ɗana, daga wuta na fito. Bari in huce ka sake."

"Kowa haka yake cewa."

"Kowa daga tanderu yake fitowa?"

"Wani ya ce rana, wani ya ce gudu, wani ya ce matarsa ce ta ɓata masa rai. Ni dai ja na gani."

Da Yaya ya zauna a benci ya kama bakinsa, wataƙila da abin ya wuce. Amma shi mutum ne da in an ƙaryata shi jijiyar wuyansa ke tashi. Ya shiga bayani, yana nuna hayaƙin da ke fita ta bututu, yana kiran maƙwabta shaida. Aka sake aunawa, zafin ya ƙaru. Kafin in rufe shago in iso, motar asibiti ta tafi da shi da rigar aikinsa a jiki, takalminsa ƙafa ɗaya a bakin kwata.

Makarantar firamare aka kai shi, wadda aka mayar wurin killace mutane tunda yara suna gida. Aji ɗaya na waɗanda ake zargi ne. Aji huɗu na masu ɗan tari. Aji shida, can ƙarshen baranda, na waɗanda ciwon ya kayar, ba a barin kowa ya matsa kusa. Likita tana ofishin hedimasta a ƙarƙashin taswirar duniya. An tura ƙananan tebura gefe an shimfiɗa katifu, allo kuma yana nan da lissafin da malami ya rubuta ranar ƙarshe, ba wanda ya goge. Yaya ya ce ya haddace shi kaf, abin da bulalar malamai ta kasa sa shi yi yana yaro.

A filin ƙwallo ake ziyara. An ja layi biyu da farar ƙasa, na ciki su tsaya bayan wancan, mu mu tsaya bayan wannan, tsakani kuma sarari ne da sai an ɗaga murya. Wani ɗan sanda mai tumbi da kowa ke kira Saje yana zaune a tsakiya a kujerar malami, yana shan sirrin kowane gida. A nan na ji wata tana sanar da mijinta tana da ciki, duk fili ya taya shi murna kafin shi ya gane abin da ta ce.

Tambayar Yaya ta farko kullum ɗaya ce.

"Wuta fa?"

"Tana nan," in ji matarsa, wadda nake kira Anti. "Mu ma muna nan, tunda ba ka tambaya ba."

Da kwanaki suka miƙa ba labari, ni da Anti muka je tagar Likita. Siririyar mace ce mai takunkumi biyu a fuska, idanunta sun faɗa kamar ta manta yadda ake barci.

"Ranki ya daɗe, tun da aka kawo shi an sake samun zafi a jikinsa?"

"Ko sau ɗaya. Yayanka ya fi ni lafiya, ya fi Saje. Jiya shi ya taya mu ɗaga tankin ruwa."

"To me ya sa ba a sallame shi ba?"

Anti ta zungure ni da gwiwar hannu. "An fara."

Likita ta yi bayani a gajiye, irin na wanda ya maimaita magana har ya daina jin kunyarta. Ƙofar fita biyu ce. Ta farko gwaji, kayan gwajin kuwa suna hanya, tun buɗe wurin suke hanya. Ta biyu warkewa: mutum ya yi tari ko zazzaɓi, abin ya lafa, a ƙirga masa kwanakin da aka tsara daga ranar da ya lafa, a sallame shi. Wanda bai nuna komai ba, ana ɗauka ciwon yana kwance a jikinsa bai tashi ba tukuna. Shi ba a fara masa ƙirga ba, don babu ranar da za a fara daga ita.

"Wato lafiyarsa ce shaidar ba shi da lafiya."

"Kai ka faɗa."

"Amma doka ta ce sai kin gamsu. Ba ki gamsu ba?"

"Na gamsu tun ranar farko. Likitan da na gada ma ya gamsu da wani tela, ya sake shi. Tela ya koma gida garau a ido, aka binne mahaifiyarsa da ƙanwarsa. Daga ranar aka karɓe mana gamsuwa. Kalmar dai tana nan a doka."

Na zo da shirin samun azzaluma, na tarar da mace mai jin barci.

Anti ba ta da lokacin irin wannan tunanin. Ta matso da fuska jikin ƙarfen taga.

"Likita, 'yan aji huɗun nan da nake hangowa suna karta, duk marasa lafiya ne?"

"Duk sun yi tari."

"Ba shi na tambaya ba."

"'Yar'uwa, ni kunne gare ni. In na ji tari, na ji tari. Ba a koya mana tambayar tari daga ina ya taso ba. Amma ki sani, a cikinsu akwai masu na gaske, ni kaina ban san su wane ne ba. Kuma ɗaki ɗaya suke kwana."

Washegari a fili Anti ta rasa yadda za ta isar da saƙo, ga Saje a tsakiya. Ta nuna maƙogwaronta, ta nuna Yaya, ta nuna aji huɗu. Yaya ya tsaya yana kallonta kamar bai taɓa ganinta ba. Da ta ga bai motsa ba sai ta dafe ƙirji ta yi masa gwaji: tari uku masu kyau, na ƙarshen har da jan numfashi. Matan da ke kusa da ita suka watse. Saje ya miƙe yana laluben na'ura a aljihu.

"Yawu ne ya sarƙe ni, Saje," ta ce, tana laɓewa a bayana. "Wallahi yawu ne."

"Ƙara ɗaya mu ji."

Yaya ya ɗaga murya daga can. "Saje, ƙyale ta, ni take koya wa. Ke kuma, na san karatun. Duk ajinmu an sani, shi ya sa kullum muke raguwa. Ba zan yi ba."

"Ni ban ji komai ba," in ji Saje, ya koma ya zauna.

"Maigida, tari ne fa kawai. Ba rantsuwa aka ce ka yi ba."

"Ƙarya ce da maƙogwaro. Ni da ban taɓa rage wa burodi nauyi ba ko lokacin da fulawa ta yi wuya, yau in zo da furfurata in yi wa yarinyar nan likita wasan kwaikwayo? In na yi tari, yaron can mai bindiga ya zama mai gaskiya, ni na zama tsohon da ya laɓe da tanderu. Su suka kawo ni a kan kuskure. Su za su buɗe baki su ce sun yi kuskure, in fita ta ƙofar da na shigo."

"Su wa? Wa ka taɓa ji ya faɗi haka?"

"Sai su fara a kaina."

Na yi shekaru ina sayen tsofaffin littattafan da ake bazawa a ƙasa a bakin titi, ina neman labarin mutum ɗaya da aka buɗe wa ƙofa ya ƙi fita saboda ƙofar karkatacciya ce, ashe yana gidanmu da fulawa a gira. Na ce da ƙarfi, "Ka yi daidai, Yaya. Ka tsaya a kan gaskiyarka." Anti ta juyo ta dube ni daga sama har ƙasa.

Tunda Yaya ya ce sai an amsa kuskure, na shiga neman wanda zai amsa. Ofishin lafiya yana rufe saboda annoba. Lambar wayar da ake faɗa a rediyo, in ka kira, waƙar wanke hannu take sa maka har cajinka ya ƙare. Sai na koma wurin Mai Bindiga. Na tarar ya yi ilimi. Duk wanda ya fito daga gidan burodi, ko maƙera, ko wurin masu guga, sai ya nuna masa benci ya ce ya huce tukuna.

"Ashe ka gane."

"Na gane, Malam. Yayanka ne ya buɗe mini ido, Allah ya saka masa."

"To je ka faɗa musu su sake shi."

"In ce me? Na'ura ta kawo ja. Sau biyu ma."

"Ka ce ka yi kuskure."

"In na ce na yi kuskure a kansa, dangin duk wanda na tura za su zo nan su yi layi. Kuma ko na faɗa, ikona na kaiwa ne, ba ni da na ɗaukowa."

Na daɗe ina juya wannan a shago. Kuskuren an gane shi, an gyara shi, kowa a layinmu yana cin moriyar gyaran, ban da mutum ɗayan da aka yi shi a kansa.

Daga nan na je na ɗauko Lauya, maƙwabcinmu da nake gyara wa rediyon mota. Kotuna suna rufe, yana gida yana faɗa da 'ya'yansa a kan talabijin, saboda haka ya yi murna da samun wanda zai yi wa jawabi. Ya sa baƙar kwat, ya ɗaure wuya, ya tsaya a ƙofar makaranta da tsakar rana ya karanta wa Saje tsarin mulki. Ya ce ba a tsare mutum sai an gaya masa dalili, sai an kai shi gaban alƙali, sai an ba shi ranar da zai sa rai da ita. Ya ce ta-ɓaci ba ta mayar da ɗan Adam buhu. Magana ce mai kyau, na yarda da kowace kalma. Saje ma ya saurara har ƙarshe yana gyaɗa kai, gumi na ɗiga daga haɓar Lauya. Sannan Saje ya ce duk mai shiga harabar sai an auna shi. Ya saita wa Lauya na'ura a goshi, ta kawo ja.

Aka ba Lauya katifa kusa da ta Yaya. Ba a daɗe ba muka hango shi a barandar aji huɗu da singileti, shi ke raba karta. 'Yan aji huɗu gefe guda ake tsayar da su a fili, saboda haka muhawararsa da Yaya ma da ihu aka yi ta.

"Malam Mai Burodi, ƙaryar da aka tilasta maka ba taka ba ce, ta wanda ya tilasta ce. Ka fito, in kotu ta buɗe mu maka su."

"Ka ce wa alƙali me? An tsare ka kana lafiya? Likita ta ji tarinka. Ni da nake kusa da kai har na tausaya maka."

"Zan ce masa an sa ni zaɓi tsakanin ƙarya da ɗaurin da ba shi da rana. Shi ne ma ƙarar. Kai fa? Hujjarka ta fi tawa kyau, amma sai ka fito kafin alƙali ya ji ta."

Lauya ya juya ya yi tari biyu, don Likita ta leƙo ta taga.

Da kwanakinsa suka cika aka sallame shi a matsayin wanda ya warke. Ya isa gida ya kwanta da zazzaɓi na gaske, wanda ya kwaso a aji huɗu. Ya tashi, amma da ƙyar, kwat ɗinsa ta yi masa yawa. Daga nan Anti ta daina nuna wa Yaya maƙogwaro.

Duk wannan lokacin ni da ita ne a gidan burodi, don ma'aikatan Yaya biyu sun gudu tun ranar da aka ɗauke shi. Ita ke kwaɓi, ni ke wuta. Ni kuwa jar waya da baƙar waya na sani, ban san itace ba. Wata rana mai amalanke bai zo ba, shi ma an tsare shi a wani shingen, mutum mai tura kaya a rana. Na ce a bari sai gobe. Tanderu ya huce har na zura hannu na shafa bulon ciki, abin da ba wanda ya yi tun da aka gina shi. Da itace ya samu tsoro ya kama ni, na cika shi taf na kunna babbar wuta don in rama. Muna tsaye muka ji ƙas. Tsaga ta tashi daga baki ta haura rufi ta hagu. Na kwaɓa laka na liƙe. Ta bushe ta zube. Na sake liƙewa.

Daga ranar burodi ya riƙa fitowa da fuska biyu, gefe ɗaya gawayi, ɗayan kwaɓi ne da ya ɗan ji ɗumi. Mutane suna saye don babu wani, a cikin ledar da ke ɗauke da tambarin Yaya. Suna cewa Allah sarki, tun da ciwon nan ya kama Mai Burodi gidan ya lalace. Ba mai tuna zancen goshi da tanderu. A layinmu an gama yanke hukunci: ya kamu, nasa ma mai tsanani ne, shi ya sa aka riƙe shi haka.

A fili kuwa Anti ta daina amsa tambayar farko, ta bar mini.

"Wuta fa?"

"Lafiya lau, Yaya."

"Ba ku bari ta mutu ba?"

"Haba, Yaya."

"Ku kawo mini guda ɗaya in gani."

"Ƙarewa yake da wuri. Kasuwa ta buɗe mana sosai."

Wata safiya muna kwashe gashi, guntun bulo ya faɗo daga rufin cikin gwangwani. Anti ta ɗauke shi da tsumma, ta juya shi, ta ajiye a kan tebur a gabana.

"Me-ya-sa, yau ni zan yi maka tambaya. Me ya sa kake son ya zauna a can?"

"Ni? Ni fa na kai lauya."

"Ka kai lauya aka ƙara da shi. Daɗi kake ji. Ka samu yaya mai gaskiya kana ba mutane labarinsa a shago. Shi ke kwana a katifar gwamnati, kai ke kwana da alfahari."

"Anti, kin ga abin da aji huɗu ya yi wa Lauya."

"Na gani, shi ya sa na yi shiru. Amma jiya an ɗauki mutum daga aji ɗaya aka wuce da shi aji shida kai tsaye. Katifarsa tana jikin ta yayanka. Ciwon yana ko'ina. Aji huɗu dai yana da ƙofa."

"In kowa ya yi tari, wa zai nuna dokar ba ta da kai?"

"Ai ya nuna. Wa ya gani? Ni da kai da Saje."

Na so in ce gaskiya ba ta buƙatar 'yan kallo, har na shirya jimlar a bakina. Sai idona ya sauka a kan guntun bulon, na haɗiye ta.

Ta bi gwangwanaye ɗaya bayan ɗaya ta zaɓi burodin da ya fi kowanne muni. Na ce ta bari in gaya masa da baki, a hankali. Ta ce bakina ya gama nasa aikin.

Ba a miƙa kaya hannu da hannu a fili. A bokiti ake sawa, Saje ya tura da doguwar sanda zuwa wancan layin. Yaya ya ɗauko ya cire leda. Ya auna shi a tafin hannu, ya juya gindin, ya ƙwanƙwasa da yatsa ya kai kunne. Ya raba shi biyu, ɗanyen tsakiyar ya biyo yatsunsa.

"Ya huce," ya ce. Ba tambaya yake ba.

"Yini ɗaya ne kawai, Yaya. Mai itace ne aka..."

"Sannan ka ɗura masa wuta."

"Eh."

"Ta ina?"

"Ta hagu. Daga baki har rufi. Na liƙe da laka."

"Laka." Ya dubi sama. "Bulo ya fara faɗowa?"

Anti ta ciro guntun daga jaka ta ɗaga masa. Duk filin sun bar nasu ihun suna sauraren namu.

"In kuka ci gaba da sa masa wuta a haka, rufin zai zauna. In ya zauna ba mai tayar da shi. Wanda ya jera shi yana maƙabarta, sai ni da na miƙa masa bulo." Ya juyo gare ni. "Kai, Me-ya-sa." Bai taɓa kirana da wannan sunan ba. "Kai ne mai cewa in tsaya a kan gaskiyata. Kullum kana tsaye a nan kana ce mini lafiya lau."

"Don kada hankalinka ya tashi ne, Yaya."

"Wato taka ƙaryar mai dalili ce."

"Wannan kam na ji," in ji Saje.

Yaya ya ɗaga rabin burodin. "A ledata kuke sayar da wannan?"

"A ledarka," in ji Anti.

"Mutane suna ci?"

"Suna ci, suna yi maka addu'ar samun sauƙi."

Ya daɗe a tsaye yana murza ɗanyen kwaɓin tsakanin yatsu. Iska ta ɗauki ledar ta kai ta jikin ragar gola, ba wanda ya bi ta.

"Ku janye itacen yau," ya ce. "Ku toshe bakin, ku bar shi ya huce da kansa. Kada wanda ya sake taɓa shi, musamman masu laka."

Ya jefa burodin cikin bokiti, ya juya ya nufi tagar hedimasta, tafiyar wanda za a cire wa haƙori. Daga inda muke bayansa muke gani. Likita ta ɗago kai. Ya tsaya a gabanta har na ɗauka zai dawo. Sannan ya yi wani ɗan sauti ƙasa-ƙasa.

"Malam, magana za ka yi?" in ji Likita. "Gyaran murya na ji."

'Yan aji huɗu suka taso baranda da kartarsu a hannu. Wani ya ce daga ciki ake ɗaukowa, Baba, sai ka sunkuya. Wani ya ce ya dafa wani abu. Anti ta kama gefen rigata ta murɗe, ban sani ba ko dariya take dannewa ko wani abin, takunkumi ya rufe.

Yaya bai kalli kowa ba. Ya dafa ƙarfen taga da hannu ɗaya, ya sunkuya, ya ja numfashi har kafaɗunsa suka tashi, ya yi tari.